Addu'ar da Sista Ta Ƙi Musantawa

Makon jiya na kai ƙaramin ɗana mustausaf, wato ƙaramin asibitin unguwarmu, a nan Safa cikin Jidda, ya faɗi a wajen ƙwallo ya ɓare gwiwa. Ma'aikaciyar jinyar tana buɗe kwalbar aidin, warin ya doki hancina, sai na lalubi kujera na zauna. Yaron ya ɗauka jininsa ne ya firgita ni, har yana lallashina da Larabci, wai ciwon ƙarami ne. Ban gaya masa cewa ba shi nake gani ba. Warin nan ya ɗauke ni ya mayar da ni unguwar Mahjar, ina 'yar shekara takwas ko tara, kwance a kan tabarma, mutum biyu sun sunkuya a kan ƙafata suna gardama.

Mai karatu, bari in fara gaya maka inda muka tashi. A wani hoshi ne, wato gidan yawa mai tsakar gida ɗaya da ɗakuna kewaye, rufin kwano, bangon bulo wanda gishirin teku ya cinye masa gindi. Duk mazauna gidan Hausawa ne, wasu haihuwar Jidda, wasu sun zo aikin Hajji sun maƙale. Idan zafi ya kankama, iska kan tsaya cik, gumi ya manne maka riga tun da hantsi, warin teku da na hayaƙin matatar mai su haɗu su zauna a maƙogwaro. Ruwan famfo kuwa sai ya ga dama, yau ya zo, gobe a fita da jarkoki.

Mu huɗu ne a ɗakinmu: Kaka, da Umma, da Kawu, da ni. Kaka tana amarya ta baro ƙasar Katsina da mijinta a ƙafa, suka bi ta Sudan, suka yi shekaru a hanya. A Jidda ta haifi Umma, a zamanin da ba wanda ya damu da takarda. Lokacin da takarda ta zama ita ce mutum, an riga an makara. Mahaifina ɗan dako ne a bakin tashar jiragen ruwa. Ina goye 'yan jawazat, jami'an shige da fice, suka kama shi, aka sa shi a jirgi, ya aiko da saƙon zai dawo, saƙon ya yi ta raguwa har ya ɗauke. Umma ce ke riƙe da mu da suyar ƙosai da sambusa.

Kawu shi ne autan Kaka, kuma shi kaɗai ne mai iƙama, wato takardar izinin zama, a cikinmu. Tun yana yaro aka haɗa shi da wani ɗan'uwa mai komawa gida bayan Hajji, aka sa shi a boko. Ya yi ƙoƙari har gwamnati ta tura shi ƙasar Rasha ya koyo harhaɗa magunguna. Da ya ji labarin idon Kaka ya fara dushewa, sai ya nemi aiki a saidaliyya, wato ɗakin magani, na wani mustausaf a Jidda, ya tattaro ya dawo gindin mahaifiyarsa. Dogo ne, siriri, mai yawan shiru. Shi ke ɗebo ruwa, shi ke yanke wa Kaka farce, shi ke ɗiga mata magani a ido safe da yamma. Idan ɗan wani ya kwana da zazzaɓi a hoshin, ƙofarmu ake bugawa.

Sai dai Kawu ba ya salla. Idan aka kira salla aka rurrufe kantuna, yakan ja ƙofar saidaliyya ya zauna a ciki da littafinsa. Ranar Juma'a ya fita tare da maza, a kwanar masallaci ya saki hanya ya nufi bakin teku. A bayan idonsa ana ce masa ɗan Rasha. Na sha ganin Kaka a kan dardumarta bayan ta idar, hannuwanta a sama, hawaye na bin tsagar fuskarta, kuma ba sai an gaya mini wanda take roƙa wa ba. Umma ta ce sau ɗaya tak Kaka ta taɓa titsiye shi, ya durƙusa a gabanta ya ce, "Inna, ba zan yi miki ƙarya ba. Na duba zuciyata, ban samu ba." Ba ta kore shi ba, ba ta kuma daina kuka ba.

A wani azumi da ya faɗo tsakiyar zafi abin ya same ni. Umma na suyar sambusa a kan dafur, ɗan murhun gas ɗin nan mai ƙafa gajera, tana sauri ta fita da kaya kafin shan ruwa. Na zo wucewa, gefen zanena ya kama hannun kaskon, mai ya kife mini tun daga gwiwa har tafin ƙafa. Ban tuna zafin farko ba, ihun Umma na tuna. Matan gida suka taru, wannan ta fasa ɗanyen ƙwai, waccan ta matso man goge baki, wata ta kawo zuma. Ba wadda ta ambaci asibiti, domin kowa ya san a bakin ƙofa za a tambayi iƙama, daga nan kuma sai tarhil, a kwashe mu har da tsohuwa a kai mu ƙasar da ni da Umma ba mu taɓa gani ba.

Kawu ya dawo ya wanke duk abin da aka shafa, ya yi iya abin da ya sani. Bayan 'yan kwanaki ƙafar ta fara wari, ƙudaje suka gane ɗakinmu. Na ji yana gaya wa Umma cewa shi magani ya sani, bai san nama ba, wannan aikin sai mai hannu. Washegari da la'asar sai ga shi da wata mata gajera cikin baƙar abaya, riƙe da jaka. Ta yi sallama, ta ce sannunku da gida da Hausa garau, sai dai harshenta na da wani ɗan lanƙwasa irin na mutanen tsaunukan Jos. Ma'aikaciyar jinya ce a mustausaf ɗinsu Kawu. Sista muke ce mata, har ta tafi ban ji an kira ta da wani suna ba.

Kaka ta ji daɗin baƙuwar, ta tambayi garinsu da iyayenta, ta ce lallai sai ta tsaya an sha ruwa da ita. Sista ta sunkuyar da kai ta ce, "Mama, gara in faɗa miki tun yanzu, ni Kirista ce." Umma ta dubi Kawu. Kaka ta ɗan jima tana juya carbinta, sannan ta ce da Umma, "To me kike jira? Ba ta ruwa mai sanyi, ai ita ƙishirwa ba ta wajaba a kanta ba." Sista ta yi dariya, wushiryarta ta bayyana, amma ba ta sha ba sai da aka kira magariba. Duk tsawon azumin nan haka ta yi.

Kullum idan ta tashi daga aiki sai ta biyo. Ta shimfiɗa farin ƙyalle, ta jera almakashi da hantsaki da auduga da kwalbar aidin. Kawu ya zauna a bayana ya rungume ni ya danne cinyata, ita kuma ta shiga cire mataccen nama kaɗan-kaɗan. Nakan yi ihu har muryata ta dishe. A cikin wannan hali ne suka fara gardamarsu, kuma na daɗe ina zaton don su ɗauke mini hankali suke yi. Sai da na girma na gane da gaske suke.

Godiya ce ta jawo ta. Kawu ya ce mata ya san aikinta take sawa a haɗari, bai san da wane baki zai gode ba. Ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ba don kai na zo ba, Malam. Wanda nake bi ya taɓa kutare da hannunsa. Ni wace ce da zan ƙi taɓa ƙafar yarinya?"

Kawu ya ce, "To da bai taɓa su ba, sai ki bar ta ta ruɓe ke nan? Ni ba wanda ya umarce ni. Na ji kukanta, na san zafi saboda ni ma ina da fata. Wannan bai isa ba?"

Ta ce, "Ya isa yau, da yake 'yar yayarka ce. Ranar da ka gaji fa? Ranar da mai kukan maƙiyinka ne? Tausayin ɗan Adam kamar famfon Mahjar yake. Dole mutum ya sami abin da zai riƙe shi ranar da ruwan ya ɗauke."

Haka suka yi ta yi, yau a ajiye gobe a ɗauka. Kawu yakan ce ya ga masu zuwa coci da masu zuwa masallaci sun tsallake mutum kwance a hanya, ya kuma zauna da mutanen da ba su taɓa ambaton Allah ba, suka raba burodinsu da shi cikin sanyin da ke kashe mutum. A ganinsa mai yin alheri don a biya shi a lahira ɗan kasuwa ne kawai mai dogon haƙuri. Sista takan ce ita ba lada take bi ba, an riga an yi mata alherin da ba za ta iya biya ba, shi ne take ɗan zubawa inda ta samu. Takan ce idan ba Allah ne Ya yi mutum da daraja ba, to darajar tasa yarjejeniya ce ta mutane, kuma abin da mutane suka ƙulla suna iya kwancewa ranar da ya yi musu nauyi. Wata rana ta tambaye shi, shi wannan tausayin da yake taƙama da shi, wa ya dasa masa? Ya nuna Kaka da haɓa ya ce, "Inna." Kaka daga kan dardumarta ta ce, "Ni kuma wa ya dasa mini, Auta?" Sista ta yi dariya har ta ajiye hantsakin. Ranar ce na fara ganin Kawu ya yi dariya da haƙoransa a waje.

Kaka ba ta cika sa musu baki ba. Idan sun yi nisa takan ce, ɗaya ya ce ruwa daga sama yake, ɗaya ya ce daga ƙasa yake, ita dai ga shi tana sha, su riƙe ƙafar da kyau. A wurinta maganar ba ta da wuya: Allah ne ke aiko da wanda Ya ga dama, ko shi ɗan aiken ya san wanda ya aiko shi ko bai sani ba.

Bayan ƙaramar salla zazzaɓi ya rufe ni. Abin da nake iya tunawa a gutsure yake: kwanon rufi yana matsowa yana ja da baya, muryoyi kamar daga cikin rijiya. Da tsakar rana aka je aka kira Sista, ta baro aiki ta zo. Suka yi allura, suka jiƙa tsumma, suka yi duk abin da za a yi. Umma ta ce da abin ya ƙi sauka, Kawu ya fita tsakar gida ya kafa goshinsa a bango, ya tsaya a nan cikin rana, ba shi da sauran abin yi kuma ba shi da wanda zai kira. Kaka tana zaune a damana da carbinta. Sista ta durƙusa a hagu, ta kama hannuna, ta rufe ido, leɓɓanta na motsi da yarensu. Da ta sunkuyo, wani ɗan ƙaramin gicciye da ke rataye a wuyanta ya zamo daga cikin riga. Shi kam na tuna shi sarai, yana lilo a saman fuskata, haske na bugunsa. A daidai lokacin wata maƙwabciyarmu ta ɗaga labule da kwanon kunu a hannu. Ta tsaya, ta duba, ta ajiye kunun ta juya.

Kafin magariba gumi ya karyo mini. Daga ranar na fara samun sauƙi. Sabuwar fata ta fara tsirowa daga gefe, ja-ja, mai sheƙi. Lokacin da alhazai suka fara cika gari, ina iya dogara sanda in kai bakin ƙofar hoshi.

Magana kuwa ta riga ni fita. Aka ce an yi mini wankan Kirista. Aka ce mun sayar da addinin yarinya da magani, kuma me ake jira daga gidan da ɗan Rasha yake. Matan da ke aiko mana da abinci suka ɗauke ƙafa. Mijin maƙwabciyar nan, wanda dama ya daɗe yana jin haushin Kawu, ya wanke ƙafa ya je wurin mudir, wato shugaban mustausaf ɗin, ya ce in ba a ɗauki mataki ba zai kai maganar gaba. Wanda bai zauna a ƙasar nan ba ba zai san nauyin wannan ba. Baƙo na iya riƙe addininsa a cikin ɗakinsa, amma a ce ya ɗauke shi ya shiga da shi gidan Musulmi, wannan magana ce da ke iya kai mutum inda ba ya zato. Mudir ɗin mutumin kirki ne, yana kuma son aikin Sista. Ya aiko a ɓoye cewa gobe zai tara su gaban mai ƙara, ita dai ta ce ba ta yi mini addu'a ba, shi kuma ya ce halas, shi ke nan, a rufe zance.

Da la'asar ɗin ranar suka yi gardamarsu ta ƙarshe a ɗakinmu, kuma babu dariya a cikinta. Kawu ya ce, "Kalma ɗaya ce, Sista. Ki ce ba ki yi ba. Wa za ta cutar? Ki dubi mutanen unguwar nan da ba su da inda za su sai wurinki. Ki dubi ƙannenki da ke makaranta. Ki auna."

Ta ce, "Na auna, Malam, tun jiya nake aunawa. Ranar nan ba ni da kowa sai Shi, na kira Shi, yarinya ta tashi. Yanzu in tsaya gaban mutane in ce ban kira Shi ba? To gobe wa zan kira?"

Ya ce, "Wato Ubangijinki Ya fi son bakinki ya zauna da tsarki a kan yara su warke?"

Maganar ta soke ta, na ga idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Abin da ya kawo ni ɗakin nan shi ne abin da ya hana ni musu. Ba zan iya riƙe rabi in yar da rabi ba."

Sai Kaka ta ce, "Auta, kai da ka ƙi yi mini ƙarya ko don in sami barci, yau kai ne mai koya wa wani?" Kawu ya ce, "Inna, waccan don kaina ce. Wannan don ita ce." Sista ta naɗe mini bandeji, ta ɗaure jakarta.

Washegari Kaka ta ce sai an je da ita. Umma ta roƙe ta, ta tuna mata ba ta da takarda, ta ce ita a shekarunta ba ta da sauran abin ɓoyewa. Ta yafa mayafinta ta kama hannun Kawu. Daga bakinta na ji yadda aka yi, domin har ta rasu tana maimaita labarin. Kawu ne ya fara magana. Ya ce tun daga farko har ƙarshe yana tsaye a ɗakin, ba addu'ar da aka yi, ba gicciyen da aka fitar. Ya ce shi ya matsa wa Sista ta zo, shi ya riƙa fitar da magani ba da takardar likita ba, in akwai laifi nasa ne. Mudir ya saki ajiyar zuciya, ya juya ya ce, "Haka ne, ya Sista? Ki ce haka ne mu tashi."

Kaka ta ce tana jin numfashin Sista daga inda take zaune. Can Sista ta ce, "Ban ce wa yarinya ta bar addininta ba, ban koya mata komai ba. Amma na yi addu'a. Na roƙi Ubangijina Ya bar ta da rai." Kaka ta buga sandarta a ƙasa ta ce ita ma tana wurin, tana nata Sista na nata, kuma in roƙa wa jikarta rai laifi ne to a haɗa da ita. Mudir ya dafe kai da hannu biyu. Bai miƙa kowa ga hukuma ba, wannan kam ya yi mana. Amma a gaban mai ƙara ba shi da yadda zai yi. Ya soke aikin Sista, aka buga mata fita ba dawowa. Kawu kuma, da ya yi ƙarya a bainar jama'a ya kuma amsa da bakinsa cewa yana fitar da magani, kafilinsa, wanda ya tsaya masa a kan iƙama, ya zare hannu daga kansa.

Ana gobe za ta tashi ta zo sallama. Ta zaunar da Umma ta koya mata yadda za ta riƙa murza tabon da man zaitun, da yadda za ta riƙa miƙar da gwiwar don kada fata ta ɗaure ta. Kaka ta ciro wani zanen saƙi da ta taho da shi tun daga gida, wanda ke ajiye a ƙasan akwati, ta ɗora mata a cinya ta ce, "'Yata, Allah Ya shirye mu baki ɗaya, Ya kai ki lafiya." Sista ta durƙusa, Kaka ta shafa kanta. Ni kuma Sista ta kama haɓata ta ce in riƙa taka ƙafar ko tana zafi, in na ji tausayinta za ta ƙage. Kawu bai shigo ba, yana tsaye a ƙofar hoshi. Na dogara sandata na bi ta a baya, na ji ta ce masa, "Na gode da abin da ka faɗa domina, Malam. Ban iya karɓa ba ne." Ya karɓi jakarta ya riƙe mata har bakin titi, ya tsaya har motar ta ɓace, ya daɗe bai juyo ba.

Shi ma an ba shi wa'adin fita, ya ƙi tafiya saboda Kaka. Mutumin da ya yi karatu a ƙasar Turawa ya koma ɗaukar buhun siminti a wuraren gini, yana lallaɓawa ta lunguna kamar sauranmu. Shirunsa ya ƙaru. Bai taɓa zagin Sista ba, amma da sanyin shekarar, bayan ruwan sama ya cika lungunan Mahjar da taɓo, gudawa ta kama wani jariri a hoshinmu, ba wadda za a kira ta sa masa ruwa a jijiya, ya rasu a hannun Kawu. Ya shigo ɗaki ya zauna ya ce, kamar da kansa yake magana, "Ga abin da gaskiyarta ta saya." Kaka ta ce, "Da mai iya musun ce, da tun farko ba ta zo ba."

Ba a daɗe ba aka kama shi a hanyar aiki. Wani ne ya zo ya gaya mana ya ga an tura shi cikin motar jawazat. Ko sallama bai yi da mahaifiyarsa ba. Daga nan Kaka ta daina barin a ɗiga mata magani a ido, wai hannun Umma na rawa. Idon ya rufe gaba ɗaya, kafin azumi ya zagayo sau biyu muka kai ta makwancinta.

Shekaru da yawa bayan haka, na riga na yi aure, wani alhaji daga ƙasar Katsina ya nemo Umma. Ya ce Kawu ya buɗe ɗan kantin magani a wani ƙauye, mutane na zuwa masa daga nesa, bai taɓa aure ba. Ya ce an san ya taɓa yin tafiya tsaunukan Jos neman wata ma'aikaciyar jinya, ya yi makonni, ya dawo shi kaɗai bai gaya wa kowa abin da ya tarar ba. Sannan ya yi mana ta'aziyya. Umma ta share hawaye ta tambaye shi abin da ke ranmu duka, ko ya koma salla kafin ya cika. Alhajin ya dubi ƙasa ya ce, "An dai yi masa salla, kuma garin kaf ya fito." Sista kuwa, ko labarinta ban sake ji ba.

Yau ina zaune a bene a Safa, ina da iƙama ta hannun mijina, in ciwo ya kama ɗana in kai shi asibiti da rana tsaka ba na waige. 'Ya'yana suna jin Hausa amma da Larabci suke amsa mini, ba su san hoshi ba, ba su san zaman gidan da kukan ɗan wani ke tayar da kowa ba. Maƙwabciyar nan ta rasu tuntuni, ban riƙe ta a zuciya ba, a tunaninta imanina take karewa. Na yi karatun addini daidai gwargwado, na san amsar da zan ba wanda ya tambaye ni daga ina nagarta take, amsar Kaka ce. Amma sanin amsa bai raba mini gardamar mutanen nan biyu ba. Wani lokaci in tuna jaririn nan in ce Kawu ne mai gaskiya. Wani lokaci in tuna yadda muryar Sista ba ta yi rawa ba in ce ita ce. Abin da na tabbata shi ne kowannensu ya bi abin da ya tsaya a kai har ƙarshe, kowannensu ya rasa komai a kan yarinyar da ba ta da ko takarda, kuma abin da ya sa kowannensu ya zama na kirki shi ne ya raba su.

Inda abin ya fi yi mini ciwo shi ne bayan na idar da salla. Nakan roƙa wa Kaka gafara, in roƙa wa Umma, in roƙa wa mahaifin da ban san fuskarsa ba. Idan na zo kan su biyun sai harshena ya tsaya, domin an koya mana iyakar wanda ake nema wa gafara, ni kuwa ban san a kan me ɗaya ya cika ba, ɗayar ma ban san ko tana raye ba. Sai in zauna shiru a kan dardumar, ƙafar nan mai tabo naɗe a ƙarƙashina, ita ce na gama tsayuwa da ruku'u a kanta. Daga ƙarshe abin da nake iya cewa bai wuce wannan ba: Ya Allah, Ka fi ni sanin su.